Kwas ko aikin sa-kai: wanne ya fi wa sabon ɗan kasuwa?

Matashin da ya fara sayar da atamfa ta WhatsApp yakan rasa inda zai zuba lokacinsa: ya shiga kwas, ko ya yi wa wata ƙungiya aiki kyauta.

Kwas yana da tsari. Shirin 3MTT da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar a 2023, da burin horar da mutum miliyan 3, yana koyar da nazarin bayanai da haɗa manhaja. Damuwarsa data da wuta, kuma aikin gwaji ne, ko ka yi kuskure babu mai asara.

Sa-kai kuwa da zafinsa yake zuwa. A ce ƙungiyar unguwarku na rabon kayan azumi, aka damƙa maka sunaye 300 a littafin makaranta, wasu an maimaita, wasu ruwa ya cinye tawadar. Dole ka zuba su a Excel, manhajar jera bayanai da lissafi, ka tace, ka haɗa sanarwa a Canva, manhajar zana fosta, kafin Juma'a. Da dabarar nan za ka riƙa bin sawun masu cin bashinka gobe. A nan kuma ake sanin mutane. Mai shago a Kantin Kwari da ya ga aikinka na iya fara ba ka kaya ka sayar ka kawo kuɗi. Sai dai ko kuɗin adaidaita daga aljihunka zai fito.

Ni na fi karkata ga sa-kai, amma bayan ɗan kwas, don wanda bai taɓa buɗe Excel ba jera kujeru za a sa shi.