Sharhi kan ƙaramin obin na lantarki mai lita 45 a hunturun Katsina

Obin ɗin da ake magana a kai shi ne ƙaramin nan na ɗorawa kan tebur, mai ƙofar gilashi da maɓallan murɗawa uku ko huɗu a gefen dama, wanda ba a rasa shi a shagunan kayan wuta na cikin garin Katsina. Kamfanoni da dama ke yin sa, amma sunan ne kawai ya bambanta, kayan ciki kusan iri ɗaya ne: sandunan zafi a sama da ƙasa, raga ɗaya, tire ɗaya, sai sandar juya kaza. Yawancinsu suna jan wat 1800 zuwa 2000. Mun gasa kek da biredi da mitfai da biskit a cikinsa tsawon lokacin sanyi, kuma muna ganin ya cancanci kuɗinsa ga uwargida da mai 'yar sana'a a gida, da sharaɗi biyu: a haɗa shi da ma'aunin zafi tun ranar saye, kuma a san halin wutar unguwa.

Babban aibinsa shi ne maɓallin zafi. Lambar da ke jikinsa ba ita ce zafin da ke ciki ba. Za ki murɗa zuwa 180, ki rataya ma'aunin zafi a raga, ki ga allura ta haura kusan 200 ta sake saukowa ƙasa da 170, saboda na'urar da ke ciki kashe sandunan take yi ta kunna, ba ta riƙe zafi wuri ɗaya. A babban obin wannan hawa da sauka ba ya damun gashi sosai, amma a ƙarami, inda kek ke kusa da sanda, shi ne ke sa sama ta ƙone ciki bai nuna ba. Ma'aunin zafi na obin ɗan ƙarfe ne mai fuskar agogo, masu sayar da kayan kek suna da shi, kuma kuɗinsa bai kai asarar kwaɓi ɗaya ba. Gwaji na biyu kuma ba ya cin komai: ki jera yankan biredi a kan raga har ta cika, ki kunna sama da ƙasa na minti biyar, ki fito da su yadda suke. Waɗanda suka fi yin ja su ne za su nuna miki inda zafi ya fi taruwa. A namu obin, ɓangaren baya ne, shi ya sa muke juya tire idan gashi ya wuce rabi.

Ƙofarsa gilashi ɗaya ce, ba ta riƙe zafi. Da safiyar Disamba ko Janairu, lokacin da sanyin dare kan sauko ƙasa da digiri 15, minti goma da ake ba shi ya ɗau zafi ba ya isa, sai sha biyar zuwa ashirin. Kada a ajiye shi daidai taga ko bakin ƙofar kicin inda iskar hunturu ke shigowa, domin gefen da iska ke duka zai riƙa zama baya wajen gasuwa. A bar tazarar taƙi ɗaya tsakaninsa da bango. Kuma don Allah a kula da yara: jikinsa gaba ɗaya yana yin zafi har saman, kuma a lokacin ɗari yara kan matso jin ɗumi. A ɗora shi inda hannunsu ba zai kai ba, kada a aza leda ko roba a samansa.

Maganar wuta ita ce za ta yanke miki shawarar saye ko bari. A cikakkiyar wuta yana jan abin da ya kusa amfiya 9, don haka soket na bango mai amfiya 13 yake so, shi kaɗai. Wayar jona mai arha takan yi zafi ta narke a bakin fulogi, kuma warin ƙonewar roba shi ne alamar farko. Idan wuta ta zo ba ƙarfi kuwa, raguwar zafin ta fi raguwar wutar: daga bolt 230 zuwa 180, obin mai wat 2000 zai koma ba da kusan 1200 ne kawai. Sandunan ba za su yi ja sosai ba, kek zai daɗe a ciki ya bushe bai tashi ba. Idan kin ga fanka tana juyawa da ƙyar, ki ɗage gashin. Ƙaramin injin wutar nan mai wat 650 zuwa 950 ba zai ɗauke shi ba ko kusa, haka ƙaramar sola ta fitila da talabijin. Ga mai mita ta kati, ba ya wuce yunit biyu a awa, sau da yawa ƙasa da haka tunda yana kashe kansa yana kunnawa.

In aka ɗauke wuta ana tsakiyar gashi, kada ki buɗe ƙofa. Idan kek ya riga ya tashi ya fara ja, zafin da ya rage zai iya ƙarasa shi cikin minti goma zuwa sha biyar. Idan kuwa bai kai rabi ba, sai tsohuwar hanya: babbar tukunya da yashi mai tsabta a ƙasa, a ɗora gwangwanin a kan wani murfi don kada ya taɓa yashin, a rufe, wuta kaɗan. Mai hikima takan ɗora tukunyar yashin ta fara ɗumi tun kafin ta sa kek a obin.

Inda obin ɗin ya fi burge mu shi ne wani aiki da ba a rubuta a kwalinsa ba, wato tayar da kwaɓin biredi. Yis yana son ɗumi da laima, hunturu kuwa ya kwashe duka biyun. Kwaɓin da kan ninka cikin awa ɗaya a watan Afrilu sai ya kai awa biyu ko uku a Janairu, kafin nan samansa ya bushe ya yi ɓawo, ɓawon ya hana shi kumbura, a gasa ya fito da tsagu da nauyi. Mutane da yawa kan zargi yis ko fulawa, alhali iska ce. Ki kunna obin a mafi ƙarancin lamba na minti ɗaya zuwa biyu kacal, ki kashe shi gaba ɗaya, ki ajiye kwanon tafasasshen ruwa a ƙasa, ki sa kwaɓin a kan raga a rufe da leda da aka shafa wa mai, ki rufe ƙofa. Kada ki bar shi a kunne, domin ko mafi ƙarancin lambarsa ta fi ƙarfin yis, wanda kan mutu idan zafi ya kusa digiri 60.

Awon da ya dace da gwangwanin biredi ɗaya: fulawa gram 500, busasshen yis gram 7, sukari gram 60, gishiri ƙaramin cokali ɗaya da rabi, bota gram 40, ruwa mililita 300. A hunturu fulawa takan sha ruwa fiye da yadda aka saba, don haka ki ƙara babban cokali ɗaya ko biyu idan kwaɓin ya yi tauri. Ruwan ya zama mai ɗumin da za ki iya barin yatsa a ciki ba tare da kin ji zafi ba. A murza minti goma zuwa sha biyu, tashin farko kusan awa ɗaya, a buga shi a naɗe a sa a gwangwani, tashi na biyu minti arba'in. Ki fito da shi da kwanon ruwan kafin ki kunna obin. Gashi a digiri 180 na ma'auni, minti 30 zuwa 35, a sa ragar a matakin ƙasa, domin biredi na tashi ya kusanci sandar sama. In saman ya yi ja tun minti ashirin, ki yafa masa foyil.

Kek kuma nasa ciwon daga bota da ƙwai yake. Da safe bota takan daskare, in aka buga ta da sukari a haka ba ta ɗaukar iska, in kuma aka narka ta a wuta kek ya fito da maiƙo ya danƙare. Ana son ta yi laushin da yatsa zai lotsa ta. Ƙwai mai sanyi shi ke sa kwaɓi ya tsinke ya yi gudaji-gudaji kamar nonon da ya kwana. Ki jiƙa su a ruwan ɗumi minti goma, ki fasa ɗaya-ɗaya kina bugawa. Ga gwangwani mai faɗin santimita 20: bota gram 250, sukari 200, ƙwai biyar, fulawa 250, bekin fauda ƙaramin cokali biyu, madara babban cokali uku. Digiri 160, minti 50 zuwa awa ɗaya, kuma ba a buɗe ƙofa a rabin awar farko. Mun fi samun kyakkyawan sakamako idan aka fara da wutar ƙasa kaɗai na minti talatin, sannan a haɗa da ta sama. Da ya huce ki naɗe shi a leda nan take, domin a wannan iskar kek da aka yanka aka bari a buɗe yakan bushe kafin a gama shan shayi.

Gashi a mataki biyu a lokaci ɗaya ba ya yi, ko da obin mai fanka a ciki ne. Tire ɗaya ake gasawa: ƙananan kek goma sha biyu, ko mitfai matsakaita shida zuwa takwas.

Masu ɗaukar hoton abin da suka gasa don tallatawa a WhatsApp ko Facebook, kada ku dogara da fitilar cikin obin, rawaya ce, kuma gilashin yana mayar da hoton waya da hannu. Hunturu dai yana da kyauta ɗaya: hazo yana tace rana, haske ya zo a baje ba inuwa mai kaifi. Tsakanin ƙarfe tara da sha ɗaya na safe, a baranda ko bakin ƙofar ɗaki, ki ajiye kek a kan faifai ko farin faranti yadda haske zai zo daga gefe, ki jingina farin kwali a ɗaya gefen ya mayar da haske kan inuwar. Kashe filashi. Ki goge idon kyamarar da ƙyalle mai laushi bayan kin hure ƙurar, domin yawancin hotunan da ke fitowa dishi-dishi a wannan lokaci ƙura ce da man shafawa da ke yatsa. Ki taɓa kan kek ɗin a fuskar waya, ki ɗan ja hasken ƙasa don jan ɓawon ya fito. Ki shirya wurin tun kafin ki fito da shi, saboda ƙura na sauka kan farin kwalliyar kek cikin 'yan mintuna, kuma waya tana nuna ta.

Duk gidan da obin ya shiga a unguwanninmu, ba na gidan kaɗai ba ne. Ƙamshi na tsallake katanga, a aika yaro da kwano, gobe maƙwabciya ta turo nata kwaɓin a gasa mata na suna ko na 'yan makaranta. Wannan abu ne mai kyau, kuma obin ɗin yana ɗauka idan an yi tsari. Kwaɓin kek mai bekin fauda ba ya son dogon jira, don haka ki ce mata, "Maman yara, kada ki kwaɓa sai na aiko miki cewa wuta ta tsaya." Ta auna gwangwaninta da ragar tun da wuri, domin manyan gwangwanayen biki ba sa shiga. Bayan awa biyu yana aiki a bar shi ya huta kaɗan, a taɓa fulogi a ji ko ya yi zafi. Ranar da layinki ya ɗauke kuwa, sau da yawa gidan da ke da babban inji ko obin na gas shi ne zai ceci kwaɓinki. Amma wadda aikinta ya kai kek ɗari biyu na biki, wannan ba nata ba ne, ta nemi babban obin na gas.

Tsabtarsa ba wuya. Idan ya huce a zare tiren ƙasa a kakkaɓe, a goge ciki da danshin tsumma, ba a zuba ruwa kan sanduna, ba a kankare gilashi da soson ƙarfe. A rufe shi da zane idan ba a aiki da shi, in ba haka ba ƙurar da ta kwanta kan sanduna za ta ƙone ta ba gashin farko wari. Sabo ma sai an kunna shi ba komai a ciki na minti sha biyar, taga a buɗe, man masana'anta ya ƙone tukuna.

A shago, kada ki yarda da kwali a rufe. Ki sa a jona shi a gabanki, ki ga sandunan sama da na ƙasa duk sun yi ja, ki murɗa agogon ki ji yana tafiya har ya buga ƙararrawa, ki rufe ƙofar ki duba ko akwai rata a gefe, sannan ki karanta yawan wat a takardar da ke manne a bayansa ki gwada da ƙarfin injin gidanku.