Yadda aka kawata mana wurin kamun kanwata a Ringim

Da za a aurar da kanwata, mun dauko wani yaro daga Kano mai kawata wurin biki. Hankalina bai kwanta ba, domin zafin watan Afrilu a Ringim ba ya barin fure ya kai azahar. Sai ya ce, "Yaya, ki bar min." Ya hada na roba a jikin rumfa, sannan ya ajiye danyen fure cikin bokitin ruwa a inuwar dalbejiya, bai fito da shi ba sai bayan la'asar, ya jera kusa da kujerar amarya. Har Goggo ta shafa don ta tabbatar.

Abin da ya bata min rai, ya makara da awa biyu, kuma bai sanar da mu ba. Kudinsa dai bai yi tsada ba, kuma ya kwashe kayansa tsaf kafin magariba.