Ubuntu Server ko Desktop: wanne za a ɗora don gwajin shafin intanet?

Na ɗora Ubuntu 24.04 sau biyu a cikin VirtualBox, manhajar da ke tayar da kwamfutar gwaji a cikin kwamfutarka, ɗaya sigar Server, ɗaya sigar Desktop, na zuba musu kaya iri ɗaya: Nginx mai miƙa shafi ga burauza, MySQL mai riƙe rumbun bayanai, da PHP da Node.js masu gudanar da manhajar shafin. Hukuncina shi ne, in shafin da kake ginawa sabar Linux zai koma ƙarshe, ka ɗauki Server ka bar burauza a kan kwamfutarka ta yau da kullum. Sai dai dalilin ba wanda aka fi faɗa ba ne.

Ana yawan cewa Server ya fi sauri ko ya fi ƙarfi. A nan dai babu wannan magana. Tun daga Ubuntu 12.04 aka daina ware wa Server kanel ɗinsa daban, wato zuciyar tsarin, kuma rumbun manhajojin da apt, umarnin girka manhaja, ke ɗebowa ɗaya ne. PHP 8.3 da za ka samu a wannan, shi ne a wancan, haka Nginx 1.24 da PostgreSQL 16. Bambancin yana cikin abin da aka haɗo maka tun farko da yadda aka saita shi. Desktop ya zo da GNOME, Firefox, sauti da sauran tarkace. Server kuwa baƙin allo ne da wurin rubuta umarni.

Wannan tarkacen da nauyinsa. Fayil ɗin girka Desktop ya kusa gigabait 6, na Server kusan rabin haka ne. Canonical, kamfanin da ke yin Ubuntu, ta ba da shawarar RAM gigabait 4 da fili gigabait 25 don Desktop 24.04. A zaune kawai, ba ya aikin komai, Desktop na riƙe sama da gigabait ɗaya, Server kuwa 'yan ɗaruruwan megabait. Mai kwamfutar da ke da RAM gigabait 8 zai ji wannan a jikinsa: ka yanka wa Desktop huɗu, ka buɗe edita da burauza a waje, sai injin ya fara numfarfashi. Server ka ba shi gigabait 2 da kwa (core) biyu na CPU, ya ɗauki Nginx da MySQL ba gardama, har ka iya tayar da na biyu ka ware masa rumbun bayanai.

Amma babban amfanin Server shi ne yana tona asirin kura-kurai da wuri. Saboda burauza ba ta cikinsa, dole ka shigo masa ta hanyar sadarwa, yadda baƙo zai shigo wa sabar ta gaskiya. Nan take za ka gane cewa manhajarka tana saurare a 127.0.0.1 kaɗai, ba a 0.0.0.0 ba, ko an rubuta localhost a cikin lambar JavaScript. A Desktop duk waɗannan lafiya lau suke aiki, domin burauza da sabar ɗaki ɗaya suke kwana, sai ranar da aka kai shafin waje a ga ya ƙi buɗewa.

Haka batun izinin fayil. A Desktop mutum kan ajiye aikinsa cikin babban fayil ɗinsa na gida, ya tayar da shi da sunansa, komai ya tafi daidai. Nginx kuwa da sunan www-data yake aiki, kuma tun daga 21.04 Ubuntu na rufe gidan kowane mai amfani da izini 750, ma'ana www-data ba ya iya ko leƙawa. Sakamakon shi ne kuskuren 403, wato an hana shiga, ko hoton da aka loda ya ƙi ajiyuwa. Gara a ajiye aikin a /var/www, a ba www-data ikon rubutu a wurin loda fayiloli kawai. Mai buga chmod 777, wato ya buɗe wa kowa izini, don ya huta, matsalar ya binne da ranta.

Server ma da nasa tarkon, kuma na farko tun wajen girkawa yake. In ka bar zaɓin LVM, wato tsarin raba faifai, yadda ya zo, ba duka faifan yake ba tushen tsarin ba. Ka ware gigabait 40, ka duba da df -h ka ga kusan rabi. Docker da node_modules su cinye shi cikin 'yan kwanaki, MySQL ya tsaya yana kukan babu fili. Umarni ɗaya ke gyara shi: sudo lvextend -r -l +100%FREE /dev/ubuntu-vg/ubuntu-lv. Kada kuma ka tsallake wurin da ake tambayar ko a saka OpenSSH, wanda ke ba ka damar shiga injin daga nesa ta ssh. Allon VirtualBox na Server ba ya karɓar kwafi da liƙawa, don haka aiki na gaske ta ssh ake yin sa daga tagar umarnin kwamfutarka.

Na biyu shi ne sadarwa. VirtualBox yana farawa da NAT, tsarin da ke ɓoye injin a bayan kwamfutarka, ya ba injin adireshin 10.0.2.15, wanda ba ka isa gare shi daga waje. Ko ka tura ƙofofi, misali 8080 zuwa 80 da 2222 zuwa 22, ko ka ƙara katin sadarwa na biyu wanda ya haɗa injin da kwamfutarka kaɗai. Na fi son na biyun, don adireshin ba ya canzawa in ka sauya Wi-Fi. Saitin yana cikin /etc/netplan, fayil ɗin YAML ne, kuma tazara ɗaya da ta goce a farkon layi ta isa ta hana shi karɓuwa. Yi amfani da netplan try, wanda ke mayar da tsohon saiti da kansa in ba ka tabbatar ba cikin daƙiƙa 120.

Inda Desktop ya yi zarra shi ne gwajin da ke buƙatar ido. Playwright da Selenium, manhajojin da ke sarrafa burauza su gwada shafi da kansu, suna gudu a Server ba tare da allo ba, amma burauzar Chromium za ta ƙi tashi sai an saka mata ƙananan manhajojin tallafi (libraries) irin su libnss3, abin da npx playwright install --with-deps ke yi. Ko ta tashi, Server ba shi da wadatattun salon haruffa, sai hoton shafin ya fito da 'yan akwatuna a gurbin ƙ da ɗ da ɓ, ka ɗauka laifin shafin ne. Saka fonts-noto-core ya warware. In kana son kallon gwajin yana latsa maɓallai ɗaya bayan ɗaya don gano inda ya karye, Desktop ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Nasa ciwon shi ne Firefox ɗin da ya zo da shi na snap ne, wato ƙunshin da ke killace manhaja, kuma yakan yi rigima da geckodriver, abin da Selenium ke sarrafa Firefox da shi, in an sauko da shi daban.

Zaɓin ba auren dole ba ne. Mai Desktop zai iya kashe allon da sudo systemctl set-default multi-user.target ya samu RAM ɗinsa, mai Server kuma ya saka ubuntu-desktop-minimal. Wannan na biyun ban cika so ba, don yana jawo NetworkManager ya tarar da systemd-networkd a wurin, alhali duka biyun aikin saita sadarwa suke yi.



Abin da ya fi sunan siga muhimmanci shi ne lambar fitowa, wato 22.04 ko 24.04. In sabar da shafin zai zauna tana kan 22.04, PHP 8.1 da PostgreSQL 14 ke can, kuma abin da ya yi aiki a 24.04 zai iya faɗuwa. Shiga sabar ka buga lsb_release -a da php -v, ka girka irinsu sak a injin gwajin, sannan ka ɗauki hoton halin injin (snapshot) a VirtualBox kafin ka taɓa komai.