Guardian Cap da Q-Collar wajen kare ƙwaƙwalwar ɗan wasa

A ƙwallon Amurka, inda ake gwabza kai da kai, Guardian Cap rufi ne mai taushi da ake ɗorawa kan hular kwano domin ya shanye ƙarfin karo. NFL, babbar hukumar gasar wannan wasa a Amurka, ta wajabta shi ga wasu 'yan wasa a atisayen 2022, ta kuma halatta shi cikin wasa a 2024. Q-Collar kuwa a wuya ake maƙala shi, ya ɗan matse jijiyoyin da ke dawo da jini, ƙoƙon kai ya ƙara cika, ƙwaƙwalwa ta rage kai-komo. Hankalina ya fi kwanciya da rufin, domin bugun yake sassautawa, alhali FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, da ta amince da abin wuyan a 2021, ba ta ce yana hana girgizar ƙwaƙwalwa ba.