Ɗakin haya a Ɗanbare: an ce akwai bohol, ba a ce akwai ruwa ba

Wannan sharhi ne kan ɗaya daga cikin gidajen hayar ɗalibai na Ɗanbare, tsallaken titin Gwarzo, daura da sabon mazaunin Jami'ar Bayero. Ba zan kama sunan gidan ko na mai shi ba. Amma duk ɗalibin da ya shigo Kano da ɗan guzirinsa, bai samu gado a cikin makaranta ba, irin wannan gida dillali zai fara kai shi.

Kusanci ne ya ja ni, kuma ta wannan fannin ban yi asara ba. Da ƙafa ake shiga makaranta. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin A Daidaita Sahu ya zama abin lissafi, acaɓa kuwa an hana shi a Kano tun 2013. Naira dubu 20 ɗin da NELFUND, asusun gwamnatin tarayya na ba ɗalibai rance, ke ba ɗalibi a wata, in a unguwar Kabuga ka kama ɗaki, ka sa kuɗin hawa safe da yamma a ciki, ba za su ga ƙarshen wata ba. Ɗakin kansa ba laifi: tayil, fanka, banɗaki a ciki.

Sai maganar ruwa, wadda ita ce ta sa ni rubutun nan.

Dillali zai nuna maka tanki a sama, ya buɗe famfo ruwa ya zubo, ya ce "akwai bohol". Bai yi ƙarya ba. Abin da bai faɗa ba shi ne tankin guda ɗaya ne mai cin lita 2000, gidan kuma ɗaki 14 ne, kusan kowane ɗaki mutum biyu ko uku saboda raba kuɗin haya. Yi lissafi da kanka. Wanka, alwala, girki, wanke-wanke, ga banɗakin zamani da ke lashe bokiti guda duk shiga. Ko an cika tankin da daddare, in aka haɗa da wanki ranar Asabar, kafin azahar famfo sai iska yake hurawa.

Injin da ke cikin rijiyar, wanda ake kira sumo, da lantarki yake aiki, kuma ba kowace wuta ce ke tayar da shi ba. In an kawo wuta mara ƙarfi sai ya yi ta gurnani bai juya ba, wayar cikinsa ta ɗauki zafi. Sannan kuma, daga Maris zuwa Mayu ruwan ƙasa kan ja baya, injin ya riƙa zuƙar iska, alhali ruwan ne ke sanyaya shi. Gidan ba shi da na'urar da ke kashe inji in wuta ta yi ƙasa ko rijiya ta ƙafe. Makunni ne kawai a jikin bango, kowa ya ga wuta ya danna ya tafi lacca. A haka injin ya ƙone ana tsakiyar zafi, ana shirin jarrabawa.

Daga nan aka shiga jeka-ka-dawo. Mai kula da gida ya ce sai maigida ya zo, maigida ya ce 'yan haya ne suka ƙona, su gyara. Fito da injin ma aiki ne: sai an zaro bututu ɗaya bayan ɗaya, a kai shi wurin mai naɗin waya, in bai naɗu ba a sayi sabo. Aka yi makonni ana sayen ruwa wurin 'yan garuwa, su kuma a lokacin zafi suna da tsada, ga jan rai, don kurarsu ba ta son shiga lungu mai yashi. Wanda ke bene shi zai ɗauki jarkarsa ya hau da ita. Wani ya kawo shawarar a haɗa kuɗi a riƙa tayar da inji da janareta bayan an gyara, sai dai ƙaramin janaretan cajin waya ba ya ɗaukar sumo, sai babba, man kuma daga aljihunmu. Araha ba ta ado, wallahi. Ragin da aka samu a kuɗin haya, a jarka ya ƙare.

Tsakani da Allah gidan yana da abin yabo. Ƙofar ƙarfe ce, akwai maigadi, ban ji an yi wa kowa sata ba, ga masu garau-garau da awara a bakin layi ranar da gas ya ƙare. Har na yi niyyar cewa a kama, a dai sayi babban baho mai murfi da jarka biyu a riƙa tara ruwa duk lokacin da aka cika tanki.

To amma da na tuna kuɗin ajiyar da aka karɓa ranar shiga, wai na ɓarna ne za a mayar in an tashi, sai raina ya sake ɓaci. A ciki aka cire wa kowa kason gyaran injin, ba shawara, ba rasit. Takardar yarjejeniyar ba ta ce komai kan bohol ba, shi ya sa ba inda za ka kai ƙara. Ga la'adar dillali da ka riga ka biya, shi kuma ya daina ɗaga waya.

Idan dole sai ka kama irin wannan gida, kada ka je dubawa da safe tare da dillali. Koma kai kaɗai bayan la'asar ka buɗe famfo. Ƙirga ɗakuna, ka duba girman tanki, ka tambayi wanda ya shekara a gidan yadda suka yi a watan Afrilu. Tambayi ko mitar injin daban take da ta ɗakuna, don in a haɗe suke, mai dafa wake da hita da kai mai fanka ɗaya kuɗin kati guda za ku biya. Sannan ka sa a rubuta a takarda wa zai gyara sumo in ya ƙone, maigida ya sa hannu kafin ka tura ko sisi. Ni dai ba zan sabunta haya a nan ba, sai in an ƙara tanki.