Ginin bulon soso na ICF: bango mai kyau, amma ranar zuba kankare ce ke yanke hukunci

Wannan tsarin gini da ake kira ICF (Insulated Concrete Forms a Turance) bulo ne marar nauyi mai rami a tsakiya, wanda aka yi da farin soson polistirin. Allo biyu ne na soso, kowanne kaurinsa kusan santimita 6 zuwa 7, an haɗa su da haƙarƙarin roba a duk tazarar santimita 15 ko 20. Ana jera su, a sa rodi, a cika ramin da kankare, kuma ba a ɓare soson bayan kankaren ya kama. Nan zai zauna har iya rayuwar gidan, yana tare zafi da sanyi da hayaniyar waje. Kamfanoni irin su Nudura da Fox Blocks da Amvic kowa da awonsa, shi ya sa ba a gauraya bulon wannan da na wancan a bango ɗaya.

Ta fuskar jeri, aikin yana da sauri ƙwarai. Mutum ɗaya yana ɗaukar bulo da hannu ɗaya, zarton hannu yana yanka shi. Sai dai sahun farko ba ya son gaggawa. In fandisho bai miƙe ba, a daidaita sahun da ma'aunin ruwa da zare, a rage ƙasan bulo inda fandishon ya yi tudu, a cike inda ya yi kwari, don kuskuren da aka bari a nan yana ƙaruwa ne har sama. Daga kusurwa ake farawa a nufi tsakiya, a riƙa saɓa mahaɗin sahu da sahu, a kuma tabbatar haƙarƙarin robar sun hau kan juna a miƙe. Wanda ya yi sakaci da wannan zai gane kurensa ranar ɗaura allon jifsam, wato farin allon da ake rufe bango da shi ta cikin ɗaki, domin a jikin robar nan ƙusa ke kamawa. Rodin kwance ana danna shi cikin gurbinsa sahu-sahu, na tsaye kuma a zura shi ta sama bayan an gama jeri. Girman rodi da tazararsa aikin injiniya ne, magini ba ya kintata.

Kafin motar kankare ta iso, dole firam ɗin ƙofa da taga su zauna daram, a tokare su ta ciki. Duk inda bututun ruwa ko wayar lantarki za su ratsa bango, a sa guntun bututu tun yanzu. Tokarar ƙarfe mai zaren juyawa ana kafa ta duk mita ɗaya da rabi ko kusa da haka, kuma gogaggun ma'aikata kan ɗan karkatar da bangon wajen tokarar, saboda tura jiƙaƙƙen bango ya fi janyo shi sauƙi.

Ranar zubi ita ce komai. Bangon da faɗin raminsa santimita 15 ne yana cin kankare kubik mita 15 a kowane murabba'in mita 100. Kubik ɗaya kuwa nauyinsa kusan kilo 2,400 ne, saboda haka in ɗanyen kankare ya kai tsayin mita 1.2, ƙasan bulon yana ɗauke da matsi da ya kusa tan 3 a kan kowane murabba'in mita. Soso ne fa yake riƙe da wannan nauyi. Don haka ake zagaya gidan ana zubawa hawa-hawa, kimanin mita 1.2 a kowane zagaye, a ba shi kamar awa ɗaya ya ɗan kama kafin a ƙara. Tsakuwar ta zama ƙanana, kamar milimita 10, kwaɓin kuma mai laushi daga wajen haɗi. Ƙara ruwa a filin aiki don ya gudu yana kashe ƙarfin kankaren, yana kuma ƙara matsi. Bakin tiyon famfon kankare a rage shi zuwa santimita 7 ko 8, kada a harba shi kai tsaye cikin kusurwa.

Matsala biyu ke faruwa. Ta farko fashewa, kuma wurarenta sanannu ne: kusurwa, gefen taga, da duk inda aka yanke bulo nesa da haƙarƙari. Waɗannan a ɗaure su da katako tun kafin zubi, a ajiye falankin katako da ƙusoshi a kusa. In ya fashe, a tsayar da famfo, a kwashe abin da ya zubo, a mayar da guntun soson, a danne da katako, a ci gaba. Ta biyun ta fi haɗari don ido ba ya ganin ta: rami a cikin kankare, musamman ƙarƙashin taga da cikin linta, wato kankaren saman ƙofa ko taga, inda rodi ya cunkushe. Maganinta ƙaramin injin girgiza mai kan milimita 25, a nutsa shi da sauri a zaro a hankali, sannan a bar kafa a ƙasan firam ɗin taga don a zuba ta nan. Ana gama zubi a sake duba miƙewar bango da zare, a juya tokara, domin bayan 'yan awoyi ba sauran gyara.

Bayan haka akwai abubuwan da masu talla ba su cika faɗa ba. Soso ba ya jure wuta, dole a rufe cikin ɗaki da allon jifsam na milimita 12.5 ko filastar da aka amince da ita. Gara ba ta cin sa, amma tana haƙa hanya a cikinsa ta hau har katakon rufi ba a gani ba, don haka inda gara take sai an sa shinge da feshin ƙasa, a bar wurin dubawa. Kwalta ko fenti mai sinadarin fetur yana narkar da shi. In ya daɗe a rana yakan yi ƙura rawaya, kuma filasta ba ta kamawa sai an goge ta. Gidan kuma ba ya shan iska ta bango ko kaɗan, saboda haka in ba a tsara hanyar iska ba, danshi zai taru a ciki.

A ganina tsarin ya cancanci kuɗinsa ga mai son ɗaki da ba ya saurin ɗaukar zafi ko sanyi, muddin rufi da tagogi ma an sa musu abin tare zafi, tunda ta can zafin zai shigo in an bar su haka. Inda babu famfon kankare, ko babu ko mutum ɗaya cikin ma'aikata da ya taɓa zuba irin wannan bango, ba na ba da shawarar a fara da gida sukutum. A gwada da ɗan ɗaki ɗaya tukuna.