Littafin oganik na 'yan aji biyu: wanne za ka saya, wanne za ka ara?

Da zarar an dawo hutu, sai ka ga 'yan aji biyu na jami'a a sashen kemistiri da bayokemistiri da harhaɗa magunguna suna zarya tsakanin shagon littattafai da wurin fotokwafi, kowa na tambayar wane littafin oganik, wato kemistirin sinadaran kabon, ya kamata ya saya. Kuɗin ɗalibi ba su kai na gwaji ba, in ya sayi wanda bai dace da shi ba sai dai ya haƙura da shi har ƙarshen zango.

Kafin ka taɓa aljihu, ka san cewa karatun ya sauya salo. A aji ɗaya hadda tana fitar da mutum kunya. A aji biyu kuwa malami zai zana 2-bromobutane a allo, ya sa masa haidroksaid, ya ce nuna hanyar da elektron suka bi. Sai ka ja kibiya mai lanƙwasa daga inda elektron suke zuwa inda za su sauka, ka faɗi ko SN2 ce (musanya) ko E2 (cirewa), in SN2 ce kuma ka nuna yadda siffar kabon ta juye kamar lemar da iska ta birkice. Wanda ya haddace amsa, da an ƙara wa kabon reshe ɗaya sai ido ya raina fata. Da wannan ma'aunin nake auna kowane littafi, wato ko zai sa ka ɗauki fensir ka ja kibiya da hannunka.

Wanda ake yawan ambata shi ne Organic Chemistry na Clayden da Greeves da Warren, na maɗaba'ar Jami'ar Oksfod, bugu na biyu na 2012. Shafukansa sun haura 1,200, kuma a hanyar elektron aka gina shi tun daga surorin farko. Yana maka bayani kamar yayanka ne zaune kusa da kai, yana gaya maka dalilin da ya sa kabon ɗin rukunin kabonil yake jawo masu yalwar elektron, sannan ya maimaita wannan dalilin a wurare da dama har ya zauna maka. In kana da niyyar zarcewa digiri na biyu a kemistiri, shi zan ce ka tara kuɗi ka saya, domin zai raka ka har ƙarshe. Amma yana da tsada, kuma tsarin surorinsa ba ya bin jerin laccocin da aka saba, sai ka yi ta tsalle tsakanin babi da babi. Wani abu kuma da masu sayarwa ba sa faɗa: a bugu na biyu an cire tambayoyin atisaye daga cikin littafin an mayar da su intanet. Sannan kada ka yarda ka yi fotokwafinsa baƙi da fari. Da launi ya bambanta kibiyoyi da sassan zane, in launin ya tafi rabin darasin ya tafi.

Na John McMurry shi ne sauƙin talaka. A 2023 ya ba OpenStax ta Jami'ar Rice da ke Amurka bugu na 10, kowa ya sauke kyauta kuma bisa halal, don tunawa da ɗansa da ya rasu. Yana tafiya rukuni-rukuni, alkin, alkohol, aldehaid da kiton, kamar yadda yawancin malamai suke koyarwa, ga tambayoyi jibgi a ƙarshen kowane babi. Matsalarsa ɗaya, karatu a fuskar waya yana gajiyar da ido, ga batun caji. Abin da nake ba ƙannena shawara shi ne su buga surorin zangon kaɗai, su kai a ɗinke musu.

Morrison da Boyd tsohon hannu ne, tun 1959 yake kasuwa, kuma da shi malamanku da yawa suka yi karatu. Bayaninsa a natse yake, sai dai rubutu ya fi zane yawa. Da wuya ka rasa shi a laburare, don haka aro ya fi saye. Na Bahl da Bahl bugun Indiya yana da araha, kuma yana da amfani a daren jarrabawa, amma jera maka sakamako yake yi, bai cika tsayawa kan dalili ba. In shi kaɗai ka riƙe, haddar da muke gudu ce za ka koma.

Akwai ƙananan littattafai biyu da nake ganin sun fi ƙarfin girmansu. Organic Chemistry as a Second Language na David Klein na atisaye ne, yana kama hannunka daga zanen resonans, wato yadda elektron ke bazuwa a cikin molekul, har zuwa sanya wa kabon alamar R ko S mai nuna siffarsa. Duk wanda ya taɓa faɗuwa kwas ɗin nan, da shi ya kamata ya fara. A Guidebook to Mechanism in Organic Chemistry na Peter Sykes, bugu na shida na 1986, ya fi shi tsauri, kalmominsa a matse suke. Ka bar shi sai ka ɗan yi ƙwari.

Saura akwatin ƙwallaye da sanduna na haɗa siffar molekul, irin na Molymod. Ɗalibai kan ɗauke shi kayan wasan yara, ni ma haka na ɗauka. Na shafe makonni ina kallon zanen kujerar saikloheksen, wato zoben kabon shida mai siffar kujera, a takarda ban gane me ake nufi da juyawarta ba. Ranar da na riƙe ta a hannu, na danna kusurwa ɗaya ƙasa na ɗaga ɗayar sama, sai ga sandunan da ke tsaye sun kwanta, na kwance sun miƙe. Ba sai kowa ya mallaki nasa ba, ku huɗu ko biyar ku yi karo-karo ku sayi ɗaya. In babu hali, tsinken sakace da ƙwallon yumɓu za su nuna maka yadda molekul biyu suke zama kamar hannun dama da na hagu, ko da kusurwar digiri 109.5 ba za ta fita daidai ba. Don kujerar saikloheksen dai sai na gaske, yumɓu ba ya jure murɗawa.

Ranar da za ka biya kuɗin littafi, musamman in bugun ya yi araha fiye da kima, ka buɗe babin siteriyokemistiri, wato na siffar molekul a sarari, a gaban mai shago. Dubi layukan nan biyu, mai kauri da ke nuna abin da ya fuskanto ka da mai ɗigo-ɗigo da ke nuna abin da ya yi baya. In tawada ta cakuɗe su ba ka iya bambancewa, mayar masa da kayansa.